Boga mai tsada a mol: a ci a nan ko a ƙunshe a tafi gida?

Jama'a, assalamu alaikum. Ku hau bene ko ku zaga ɓangaren masu abinci a Jabi Lake Mall na Abuja, ko Ado Bayero Mall da ke titin gidan zoo a Kano, ko manyan kantunan Dubai da alhazanmu da 'yan kasuwarmu ke yada zango. Za ku tarar da shaguna a jere, tebura a tsakiya kowa da kowa na zama, ga wani shago can da bogarsa, wato burodi mai gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiya, ta ninka ta maƙwabcinsa kuɗi. Ana ce mata ta musamman. To me ake saya da wannan ƙarin kuɗin?

Nama ne da farko. Bogar gama-gari ana kawo namanta a daskare daga masana'anta, an riga an yanka shi faifai-faifai. Ta musamman kuma ana niƙa ɗanyen naman sa ne, a bar masa kitse kamar kashi 20 cikin 100, domin kitsen nan shi ne romon da ke zubo muku a yatsa. Kamfanin Five Guys, wanda aka fara a jihar Virginia ta Amurka a 1986, har alfahari yake yi cewa babu firiza a shagunansa. Shake Shack kuwa da ɗan kiyos ya kafu a wani lambu na birnin New York a 2004, kafin ya buɗe reshe a Dubai a 2011.

Ku tsaya ku kalli mai gashin. Zai ɗauko dunƙulen nama, ya ɗora kan faffaɗan ƙarfe mai tsananin zafi, ya danne shi da ƙarfi sau ɗaya tak, ya ƙyale shi. Cikin minti biyu gefen ya yi ja ya yi ƙamas-ƙamas. Wannan ɓawon shi ne inda ƙanshin yake. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda hakan ke faruwa tun 1912: zafi ne ke haɗa sinadaran furotin da na sukari su ba da launi da ɗanɗano. Sai a ɗora cuku ya narke, a shafa wa burodin bota a ɗan gasa cikinsa.

Sauran kuɗin ba na abinci ba ne. Hayar shago a mol, kuɗin gas ɗin janareta, sanyin na'ura, kwalin da aka buga wa tambari. Wannan ko kun so ko kun ƙi, yana cikin farashin.

Matsalar tana farawa ne da kun ce a ƙunshe muku. Boga mai zafi idan ta shiga takarda ta shiga kwali, aka ƙulle leda, tururinta ba shi da hanyar fita. Sai ya koma kanta. Ɓawon nan da kuka biya wa kuɗi ya yi laushi, burodin ƙasa ya sha romo da miya ya zama tsumma, ganyen latas ya yanƙwane, cukun ya sake daskarewa. Soyayyen dankalin ma ya fi saurin mutuwa, kafin ku fita daga wurin ajiye motoci ya langaɓe. Ku ƙara da cunkoson Kano na bayan La'asar a cikin adaidaita. Duk wanda ya taɓa cin tsire a gaban tukuba, ya kuma ci wanda ya kwana a jarida, ya san ba abu ɗaya ba ne. Ku isa gida, abin da ke hannunku kusan daidai yake da mai araha, kuɗin ne kawai ya bambanta.

Saboda haka ni a ganina, in za ku zauna a teburin nan ku ci nan take, hayaniya da kukan yara da komai, ta ci kuɗinta, ko da sau ɗaya ne a wata. In kuwa gida za a kai wa maiɗaki da yara, gara shawarma ko gasasshiyar kaza, sun fi jure hanya. Idan dole sai boga, ku ce a zuba miyar daban, ganye da tumatir daban, kada a ƙulle bakin ledar.

Abu biyu kafin ku biya. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka ba ne, ƙwayoyin cutar da ke bayansa sun riga sun cakuɗa har ciki, don haka hukumomin abinci a Amurka suka ce zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius. Idan an tambaye ku yadda kuke so, ku ce ya gasu sosai. Sannan masu tafiya Landan ko Amurka, ku tambayi yankan naman, ku kuma duba ko an ɗora siraran yankan naman alade a kai, domin a can bogar musamman da yawa da shi take zuwa.