Hawa da sauka daga kan babbar mota: ciwon da ake ji mota na tsaye

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da yaran mota, da duk wanda ke da ɗa ko miji a bisa hanya.

Nan da kuke gani bakin hanyar Jibiya ne, bayan an ɗan fita garin Katsina. Tireloli ne jere tun daren jiya, wasu na jiran lodi, wasu sun sauke za su juya Kano. Ku bar kallon kayan, ku dubi ƙofar farar DAF ɗin can. Ta buɗe. Ga maigidan ya juyo da gabansa waje, waya a hannun dama, buta a hagu, ya zuro ƙafa ɗaya bisa matakalar sama. Tim! Ya diro. Ya ɗan dafe ƙugu, ya miƙe, ya nufi wurin alwala.

Ba abin da ya same shi yau. Jiya ma haka ya sauko. Shi ya sa in ka yi masa magana zai ce maka shekararsa ashirin a kan mota, tun kana goye yake dirowa. Sabo turken wawa.

To bari mu yi lissafi. Daɓen kan waɗannan motoci masu shafaffar fuska, irin su DAF da MAN da Howo, yakan kai kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Duk abin da ya faɗo daga mita 1.5 yana isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 20 a awa. Ka ɗauka kana bisa keke da gudu, ka tare bango da diddigenka. Nauyin nan ba ɓacewa yake ba: idon sawu ya karɓa, ya miƙa wa gwiwa, gwiwa ta miƙa wa ƙugu da gadon baya. Kuma wane jiki ne ke karɓar dukan? Jikin da ya yi awa huɗu ko biyar a zaune yana shan jijjiga, ƙafa ta yi sanyi, wani lokaci ma ba ka jin yatsunka sosai. Direba kuwa sau nawa yake sauka a yini? Salla, abinci, duba taya, shingen jami'ai, ɗaure tamfol da ya kwance. Mu ce sau 10. A kwana 300 ya zama sau 3,000 ke nan. Tsofaffin direbobin da kuke gani a tasha suna salla a zaune, ba duka ne haɗari ya karya ba. Wasu ƙofar motarsu ce ta ci gwiwarsu a hankali.

Ni kaina na ɗanɗana. Ina yaron mota, mun yi lodin shanu a kasuwar Mai'aduwa cikin damina. Silifas ɗina ya kwaso kashin shanu da laka, ban kula ba. Maigida ya ce, "Kai, sauka ka duba min tayar baya." Na juya baya ga mota kamar yadda na saba ganin yana yi, ƙafa ta sulluɓe tun daga matakalar sama, na sauka da gefen ƙafa a kan wani dutse da bai wuce dunƙulen hannu ba. Sati bakwai ina zarya wurin mai ɗori a Daura, motar kuma ta tafi da wani yaron. Har yau in sanyin hunturu ya shigo, idon sawun nan sai ya tuna min.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ku dubi wannan yaron da muka roƙa ya gwada mana. Ya juya ya fuskanci motar, bayansa ne a waje. Haka ake sauka daga tsanin soro, ba wanda ke ba tsani baya. Hannu biyu riƙe da ƙarafan riƙo na gefen ƙofa, ƙafa ɗaya bisa matakala, ɗayar tana laluben ta ƙasa. Sai ta zauna daram sannan ya saki hannu ɗaya ya matsar da shi. Gaɓoɓinka huɗu ne, to a kowane lokaci uku na jikin mota, ɗaya ce kaɗai ke tafiya: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. In ƙafa ta zame, hannu biyu na nan. Kuma ba ya sakin ƙarfen sai tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. A matakalar ƙarshe aka fi yin ganganci, mutum ya ga ai ya iso, ya saki. Kafin ya fara saukowa ma, kun ga ya leƙa inda zai taka: rami, dutse, kwata, ko bakin kwalta da ruwa ya zaizaye. Da dare sai da tocila.

Ƙofa ba mariƙi ba ce. Lilo take yi, in ka rataya a jikinta sai ta tafi da kai, ga kuma lalata mata maɗauri da kake yi har ta daina rufuwa daidai. Sitiyari ma juyawa yake. Taya da notunanta ba matakala ba ne, ko da kuwa an saba. Abin da ke hannunka, waya ce, buta ce, takardu ne, kwanon abinci ne, aje shi a daɓen motar ko bisa kujera, ka sauka, sannan ka miƙa hannu ka ɗauka. Wajen hawa kuma ka fara ɗora shi.

Sai matakalar kanta. An yi mata huda-huda da haƙora don laka ta zube, takalmi ya kama. In hudojin sun cushe, ko gas ya zuba a kai, ko bakanike ya taka da baƙin mai, ta zama sabulu. Motocin Mack masu dogon hanci ma da yawa matakalarsu a jikin tankin mai take, don haka duk wanda ya sha mai ya goge ta kafin ya hau. Matakalar da ta lanƙwashe ko ƙarfen riƙon da ke girgiɗi, aikin mai walda ne na 'yan mintoci, amma za ka ga motar da aka kashe wa kuɗi wurin fenti da rubutu tana yawo wata da watanni da matakala ɗaure da waya. Wannan kam laifin mai mota ne, ba na direba kaɗai ba.

Sutura ma a kula. Silifas ba takalmin mota ba ne, na faɗa muku dalili. Doguwar riga a tattare ta kafin a ɗaga ƙafa, musamman ranar Juma'a da ake saukowa da manyan kaya. Zoben azurfa kuwa, in ya maƙale a ƙarfe nauyinka ya tafi ƙasa, yana iya saɓule naman yatsa gaba ɗaya. Cikin bazara, watan Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40, ƙarfen riƙon da ya yini a rana yakan sa mutum ya saki ba shiri. Taɓa shi tukuna.

Wuri ɗaya ne na sani da ake son direba ya yi tsalle. Idan tifa ta ɗaga bodi ta taɓa wayar lantarki, ko dogon kaya ya kama ta, zauna a ciki, ka hana kowa matsowa, a nemi a kashe wutar. In kuwa gobara ta tashi dole ka fita, to nan fa kada ka bi matakala, don wanda ya haɗa jikin mota da ƙasa lokaci guda shi wutar za ta bi. Ka daka tsalle nesa da motar, ka dira da ƙafafu a haɗe, ka riƙa jan su dab da juna har ka yi nisan mita 10 ko fiye.

Yanzu ƙofar da kanta. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Ma'ana in ka faka a gefen titi, ƙofar direba cikin titi take buɗewa. Ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ke shafa jikin tirela ba ya tsammanin wani abu daga sama. Dubi madubi, ka ɗan buɗe kaɗan ka leƙa baya, sannan ka buɗe duka, hannunka na riƙe da ita saboda iska. A hanyar da motoci ke gudu, kamar tsakanin Charanchi da Kankiya da dare, ba kunya ba ne ka tsallaka kujera ka fita ta ƙofar yaron mota.

Amma duk wannan bayan motar ta tsaya ne tsayuwa ta gaskiya. Birkin hannu na babbar mota ba irin na ƙaramar mota ba ne. A cikin tukwanen birki akwai sifirin mai ƙarfi, iska ce ke danne shi lokacin da kake tafiya. In ka ja birkin hannu, iskar ce kake saki, shi ne wannan fsss da ake ji, sifirin ya miƙe ya damƙe tayoyi. Motocin Turai da na Sin sanda ce ƙarama ake ja har ta maƙale, na Amurka kuma maɓalli ne ruwan ɗorawa ake jawowa. In kunnenka bai ji iskar nan ba, kada ƙafarka ta fita. Sa giyar motar a firi, ɗaga ƙafa daga birki, ka ɗan jira ka ji ko za ta motsa. A gangare ko da kaya mai nauyi, yaro ya sa weji, wato abin tare taya, kuma weji na gaske, ba ɓallin bulo da zai murƙushe ba.

Ga inda abin ya fi muni: wajen haɗa kai da bodi. Direba ya ja baya ya haɗa, motar ba ta motsi saboda birkin bodin na riƙe da ita, sai ya manta bai ja nasa ba. Ya sauka, ya hau bayan kai, ya jona tiyon iska mai launin ja. Iska na shiga, birkin bodi ya saki, kai da bodi su fara gangarawa ba kowa a kujera. In haka ta faru kana wurin tiyon, cire shi, birkin bodi zai sake kamawa. Kada ka bi mota da gudu kana neman kama ƙofa. Wanda ya zame a nan ƙarƙashin taya yake faɗawa.

Kullewa kuwa ba ta da dogon bayani. Kashe inji, zare makulli, ka sa a aljihu, ko da shayi za ka sha a tsallaken titi. Ɗaga gilasai. Takardun mota da na kaya da kuɗin hanya kada su kwana inda mai leƙe zai gani. In ka murɗa makulli, ja hannun ƙofar ka ji, sannan ka zagaya ɗaya gefen, don tsofaffin motoci kowace ƙofa da kullinta, kuma ta yaron mota ce aka fi samu a buɗe, kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya rufe. Makulli na biyu ya kasance a jikin mutum, ba a saman taya ba, ɓarayi ma sun san saman taya. Kuma a leƙa gadon baya kafin a kulle. Kan mota da gilasai a rufe cikin rana tanda ne, ba a barin yaro yana barci a ciki.

In a ciki za ka kwana, kulle ta ciki. Wasu kan ɗaure ƙofofin biyu da igiyar kaya daga wannan zuwa wancan, kuma na fahimci dalili, hanyoyinmu sun zama abin da suka zama. Sai dai a yi ɗaurin da za ka iya kwancewa cikin duhu da hannu ɗaya, musamman mai ɗauke da mai. Garwashi kuma kada ya shiga kan mota don jin ɗumi, komai sanyin Janairu. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen wuri mutum daga barci sai dai a wayi gari.

Ga gari ya waye sosai, maigidan nan ya dawo daga salla. Ku lura, kafin ya taɓa ƙofa akwai zagaye ɗaya da ya kamata ya yi. Daga kujerar direba ba a ganin abin da ke dab da gaban mota, ba a ganin gefen dama sosai, baya kuwa sam. Mu kuma a nan ƙarƙashin tirela inuwa ce: yaran mota na shimfiɗa tabarma, almajiri na fakewa, awaki na kwanciya, mai talla na aje farantinta jikin taya. Don haka ya fara daga gaba, ya bi ta dama, yana buga tayoyi, yana duƙawa yana leƙawa tsakanin kowace biyu.

"Kai yaro, akwai kowa a ƙasa?"

"Ba kowa, maigida. Bari in kori akuyar nan."

Ya kankare takalminsa a bakin kwalta, ya ɗora butar a daɓe, ya kama ƙarfe da hannu biyu ya hau. Ya ja ƙofa har ta ce ƙwas, ya ɗaura bel, ya tayar da inji, ya jira allurar iska ta hau inda ya kamata. Sai ya leƙo, ƙafarsa bisa birki, ya ce a cire weji. Yaron ya cire, ya zagayo ta inda maigida ke ganinsa a madubi, ya hau ya rufe tasa ƙofar. Hon biyu, sannan aka saki birkin hannu.