Littafin 1993 da labarinsa ya fara a 2024

Assalamu alaikum, masu kallo. Unguwa ce da aka zagaye da katanga, an kakkafa fasassun kwalabe a kanta, ƙofar shiga ɗaya, kullum a kulle. Ruwan sha ya fi fetur tsada. In ɓarayi sun shigo ka kira 'yan sanda, sai ka biya kuɗin zuwansu, don haka magidanta suka raba sintirin dare a tsakaninsu. Wanda ya taɓa tsayawa jiran ɗan ga-ruwa zai ce ai wannan unguwarsu ce. To, a gefen birnin Los Angeles na Amurka take, a cikin littafin Parable of the Sower na Octavia Butler. An buga shi a 1993, amma shafinsa na farko yana ɗauke da kwanan wata na Yulin 2024.

Duk wanda ya ce mini yana son fara karanta ƙagaggun labaran kimiyya, wannan nake miƙa masa. Da yawa sun ɗauka irin waɗannan littattafai ba su wuce kumbo da halittun wasu duniyoyi ba. A nan babu ko ɗaya. Butler ta dubi abubuwan da ke gabanta ne, ɗumamar yanayi da tazarar mai kuɗi da talaka da lalacewar makarantu, ta tambayi kanta ina za a kwana in aka ci gaba a haka shekara talatin.

Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 15, Lauren Olamina, 'yar limamin coci. Sunan nan na Yarabawa ne, in kunnenku ya kama. Tana da wata lalura da ta samo tun a ciki, saboda ƙwayar da mahaifiyarta ta riƙa sha: in ta ga mutum cikin ciwo, sai ta ji ciwon a jikinta. Ku duba wayon marubuciyar. Ta jefa yarinyar a duniyar da ba a rayuwa sai da faɗa, alhali duk wanda ta buga, ita ma sai ta faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata jaka ce. Manyan unguwa suna ta cewa abubuwa za su gyaru, ita kuwa Lauren ta haɗa jaka ta ɓoye, da 'yan kuɗi da taswira da busasshen abinci, da irin shuka. A 2027 aka ƙone unguwar. Ta sa kayan maza, ta goya jakarta, ta bi babban titi a ƙafa ta nufi arewa. Daga nan na yi shiru, kada in ɓata muku.

Gargaɗi biyu. Akwai kisa da fyaɗe a ciki, ba na yara ba ne. Sannan Lauren tana kafa wata aƙida tata, wadda ba ta yi daidai da Musulunci ko Kiristanci ba, gara mai karatu ya shiga da saninsa.

Ita Butler an haife ta a Pasadena a 1947, mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen Turawa. Ta yi shekaru tana tashi tsakar dare ta yi rubutu kafin ta tafi aikin leburanci. Ta rasu a 2006, kuma sai a 2020, lokacin annobar korona, littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Wanda ya gama shi ya ce mini yana son abin da ya fi haka ɗaci, sai in ba shi The Road na Cormac McCarthy, na 2006, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2007. Uba ne da ɗansa, ko suna ba a ba su ba, suna tura keken sayayya cikin toka, da bindiga mai harsashi biyu. Ba a ma gaya maka abin da ya halaka duniyar ba. Na taɓa kuskuren ba wani abokina shi sati biyu bayan sunan ɗansa na fari. Ya maido mini da shi an naɗe shafi tun a farko-farko, ya ce don Allah in rufa masa asiri. Tun ranar nake tambayar mutum halin da yake ciki kafin in zaɓa masa littafi.

Shi abokin nawa daga baya A Wizard of Earthsea na ba shi, na Ursula Le Guin, 1968. Labarin tsafi ne a duniyar tsibirai, inda sanin sunan abu na asali ke ba ka iko a kansa, kuma wani yaro mai girman kai ya saki wata inuwa ta riƙa binsa. Gajere ne. Ya cinye shi a dare uku, yana jijjiga jariri da hannu ɗaya, har yau kuma bai maido mini ba.