Haya a Kumasi: lissafin da ya kamata mai niyyar ƙetarowa ya yi

Assalamu alaikum jama'a masu bibiyar wannan tasha, barkanmu da warhaka daga unguwar Aboabo a cikin birnin Kumasi. Tun da na fara ɗora bidiyo daga ƙasar Gana, tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce ta muhalli, musamman daga 'yan'uwa mazauna Abuja da Legas waɗanda kuɗin haya ya sha musu kai, suna son su ji ko da gaske ne mutum zai iya tattara iyalinsa ya ƙetaro nan ya samu gida mai sauƙi. Yau zan zaga da ku cikin unguwa ina bayani, amma bari in faɗi ra'ayina tun da wuri domin kada wani ya ɓata lokacinsa. Wanda yake karɓar albashi da naira, ko yake dogara da abin da ake aiko masa daga gida, ba zai ga wata arha a Gana ba. Wanda zai gan ta shi ne mai samun kuɗinsa da sidi, wato kuɗin Gana, ko da dala, kuma ko shi ɗin sai ya kauce wa tsakiyar Akra, sannan ya samu mutumin da zai tsaya masa.

Ni ma haya ce ta taso ni daga Abuja, domin duk lokacin da aka zo sabunta yarjejeniya sai mai gida ya ƙara wani abu a kai, har abin ya fi ƙarfin hankali. Abin da ya sa ƙaurar ta yiwu a gare ni shi ne aikina na kwamfuta ne, ta intanet nake yin sa, kuma da dala ake biyana. Na faɗi wannan ne saboda dukkan lissafin ya rataya a kan irin kuɗin da ke shigo wa mutum. Kun san abin da ya sami naira tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Sidi ma ya sha tasa wahalar, domin a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Sai dai a tsakiyar 2025 ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa kusan 10, kuma wannan farfaɗowa da 'yan ƙasa suka yi murna da ita mu ta rage mana ƙarfi, tunda dalar da ke hannunmu ta koma tana sayen sidi kaɗan, alhali ban ji mai gidan da ya rage wa ɗan haya ko kwabo ba. To, idan mai dala ya ji a jikinsa, ku auna halin mai naira.

Game da Akra ba zan tsawaita ba. A unguwanni irin su Cantonments da East Legon da kewayen filin jirgin sama, da dala ake faɗin kuɗin haya, duk da cewa Babban Bankin Gana ya sha fitar da sanarwar hana sa farashi da kuɗin waje. Nima da Mamobi, inda Hausawa suka fi yawa, suna manne da waɗannan unguwannin masu hali, amma cunkoso ya kai inda samun ɗaki ɗaya mai taga ya zama abin barka. Shi ya sa mutane ke ta komawa Madina da Ashaiman da Kasoa, kuma wanda ya zauna Kasoa yana aiki a cikin Akra, abin da ya rage a haya zai biya shi a kuɗin mota da tashin asuba da zaman cunkoson hanya. Kumasi, wadda ke da nisan kilomita kusan 250 daga Akra, ta fi sauƙi ƙwarai a haya da abinci, kuma wannan ne dalilin da ya sa na zaɓe ta.

Yanzu ga babbar maganar, wadda masu hange daga nesa ba sa sa ta a lissafi, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Gana da wata ake faɗin kuɗin ɗaki, saboda haka idan mutum ya ji adadin sai ya ga kamar banza ce ta faɗi. Amma ba da wata ake biya ba. Al'adar da ta kafu ita ce mai gida ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule kafin ya miƙa mabuɗi, wanda ya sassauta ne zai karɓi na shekara ɗaya. Bari in ba da misali kawai domin a gane: a ce an yi wa ciki da falo kuɗi sidi 500 a wata, na shekara biyu ya kama 12,000, dillali ya ɗora la'adarsa wadda da yawansu ke sa ta kashi goma cikin ɗari, ga kuma ɗan abin da yake karɓa tun kafin ya kai ka ka ga ɗakin, ko ka so shi ko ba ka so ba. Bayan haka sai fenti da gyaran ƙofa da ragar sauro, waɗanda sau da yawa a kan ɗan haya suke faɗawa. Baƙon da ya sauka da kuɗin wata uku a aljihu yana ganin ya yi shiri, shi ne za ka tarar yana kwana a shagon wani.

Abin mamaki shi ne doka ta hana wannan. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, kuma akwai ofishin gwamnati mai kula da sha'anin haya inda ake kai ƙara. Amma wa zai kai ƙarar mutumin da yake neman ɗaki a hannunsa, alhali akwai wasu a bayansa riƙe da kuɗi suna jira? Bayan ƙidayar 2021 an ƙiyasta cewa ƙasar na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8, kuma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, maganar mai ɗaki ce doka. Sannan a yi wa masu gidajen adalci, ba dukkansu ne maƙetata ba. Ruwan da bankuna ke ɗorawa a kan bashi yana da yawa, ga kuma Musulmi da dama da ba sa son kusantarsa, saboda haka kuɗin ɗan haya shi ne jarin da ake ƙarasa gini da shi. Ku dubi gidan can da ke bayana, an zauna a ƙasa, sama kuwa ƙarafa ne a tsaitsaye suna jiran siminti; da kuɗin na ƙasa za a zuba na sama. Gwamnati ta ƙaddamar da wani shiri a farkon 2023 na biya wa mutum kuɗin a dunƙule ya riƙa mayarwa wata-wata, amma na 'yan ƙasa ne, baƙo ba shi da rabo a ciki. Amfani ɗaya da na gani a wannan al'ada shi ne, a lokacin da farashi ke tashi kullum, wanda ya biya shekara biyu ya huta da ƙari har wa'adinsa ya cika.

Bari mu shiga wannan gida, na riga na nemi izini. Salamu alaikum, Hajiya, sannunku da aiki, mun gode da kuka ba mu dama. Irin wannan shi ne gidan haya da mafi yawan mutanen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ke zaune a ciki: tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere sun kewaye ta, kowane iyali da murhunsa a bakin ƙofa, famfo ɗaya, wurin wanka ɗaya ko biyu. Abu na farko da mai neman ɗaki zai tambaya shi ne bayan gida, domin a tsofaffin unguwanni akwai gidaje da yawa da ba su da shi, sai a je na kuɗi a bakin titi, kuma magidancin da ya zo da mata da yara ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Abu na biyu shi ne mitar wuta. Idan mita ɗaya ce ta haɗa gidan, ana raba kuɗin ne bisa ƙirgen ƙwan fitila da fanka da firji da dutsen guga na kowane ɗaki, kuma babu abin da ke haddasa rigima tsakanin maƙwabta kamar wannan rabo. Mai aiki irin nawa, wanda kwamfutarsa ke kunne yini guda, gara ya ƙara kuɗi ya nemi inda zai samu mitarsa shi kaɗai. Sai kuma ruwan sama. Kumasi damina biyu take yi a shekara, kuma rafin da ya ratsa Aboabo yakan yi ambaliya ya shiga gidaje. Idan aka kai ka ɗaki a lokacin rani aka faɗi kuɗin da ya yi maka daɗi fiye da kima, ka duƙa ka dubi gindin bango, shatin ruwan bara zai gaya maka dalilin arhar.

Duk da waɗannan, akwai abin da Bahaushe yake da shi a Kumasi wanda wani baƙon ba shi da shi, wato zango. Tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayarin kakanninmu ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, ɗan kasuwa ba ya sauka a gari haka kawai, yana da mai masauki da ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Bayan yaƙin basasar 1892 a Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa, kuma cikin shekarun da suka biyo baya zangon Kumasi ya bunƙasa a tsakiyar ƙasar Tonawa, wato Asante. Wannan tsari na mai masauki bai mutu ba, ya canza kama ne kawai. Dattijon da ya sauke ni, wanda muke kira Baba Alhaji, da ya ga ina bin dillalai sai ya ce mini: "Ɗana, a nan ba a allo ake neman ɗaki ba, a masallaci ake nema." Kuma haka abin yake, domin ɗakuna masu kyau a Aboabo da Asawase da Sawaba ba sa kai wa hannun dillali, tun kafin mai fita ya kwashe kayansa an riga an yi wa wani alkawari bayan sallar Isha'i. Da ya kai ni wurin mai gidan ya ce wannan yarona ne, sai aka karɓi kuɗin shekara ɗaya a hannuna maimakon biyu, ba tare da la'ada ba. Sai dai wannan alfarma tana da nata nauyin: wanda aka tsaya wa ba ya da ikon yin abin kunya, kuma za a sa ran ganinsa a suna da ɗaurin aure da jana'iza. Wanda ya saba da zaman Abuja, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, sai ya shirya wa wannan.

Maganar takardu ma tana cikin kuɗin muhalli, ko da yake mutane ba sa haɗa su. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shigowa ba tare da biza ba, amma na kwana 90 ne. Wanda zai zauna dole ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice, ya kuma yi katin shaidar baƙi, wanda ake biya wa kuɗi a karon farko da kuma duk lokacin sabuntawa. Wanda kuma yake tunanin zai buɗe ɗan shago ya riƙa biyan haya da ribarsa, ya sani cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma gindaya wa baƙo mai son kasuwanci jarin dala miliyan ɗaya, kuma a kan wannan doka aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame, nan cikin Kumasi, a 2019. Ina nanata maganar takardu ne saboda dattawan unguwar nan ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidajen da suka gina da guminsu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, mun yi wa 'yan Gana irin wannan kora. Yau ana zaman lafiya da mutunci, amma mai hankali ba ya zama a ƙasar wani da takardar da ta ƙare.

Wasu kuma sun tambaya ko ba gara mutum ya sayi fili ya gina nasa ba. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili na har abada, abin da zai iya samu shi ne haya mai tsawo wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba. Mafi yawan filaye a ƙasar suna hannun sarakunan gargajiya da dangi, kuma a Kumasi suna ƙarƙashin sarautar Asantehene, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke da ofishin filaye a fadarsa ta Manhyia. Ana samun fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku, saboda haka wanda bai je hukumar filaye an bincika masa ba kafin ya biya, ya sayi shari'a ne. Shawarata ga sabon zuwa ita ce ya yi haya tukuna har ya san gari da mutanensa.

Kafin in kashe kyamara, ga wanda ya riga ya yanke shawarar zuwa: ya fara zuwa shi kaɗai ya bar iyali a gida har ya kama ɗaki, kada ya tura wa kowa kuɗi ta waya a kan hoton da aka aiko masa, ya tabbatar wanda zai karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilin da magada suka amince da shi, domin gidajen zango da yawa na gado ne, kuma a rubuta yarjejeniya da ranar shiga da ranar ƙarewa a gaban shaidu, ko da mai gidan limamin unguwa ne. A bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, zan kai ku Asokore Mampong mu ga rukunin gidajen da aka gina da sunan masu ƙaramin ƙarfi, mu tambayi mazauna wurin abin da suke biya. Wassalamu alaikum.