Fosfet: Daga Ƙashin Jikinmu Zuwa Buhun Takin Supa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu manoma da na hango a baya, barkanku da zuwa.

Wannan buhun takin da na ajiye a gabana, ku duba rubutun jikinsa: 15-15-15. Lambar tsakiyar nan ita ta tara mu yau. Ta fosfet ce.

Fosfet dai curi ne na ƙwayar zarra ɗaya ta fosforas, ƙwayoyin oksijin huɗu sun kewaye ta. Ba ya zama shi kaɗai, sai ya kama abokin tafiya, kuma da sunan abokin ake kiransa. In ya kama kalsiyam, a ce kalsiyam fosfet, shi ne ƙarfin ƙashinku da haƙoranku. In amoniya biyu ya kama, ga takin DAP nan. Har cikin ƙwayar halitta ta DNA yana nan, shi ne ginshiƙinta.

Shi fosforas ɗin kansa, a fitsari aka fara gano shi. Eh, ku yi dariyarku! Wani Bajamushe, Hennig Brand, a birnin Hambog a 1669, ya yi ta dafa fitsari yana neman zinariya, sai ya samu wani abu mai haske cikin duhu.

To, ina supa, wato takin supafosfet, ta fito? Dutsen fosfet da ƙashi ba sa narkewa a ruwa, saiwa kuwa ba ta da haƙori, narkakke kawai take sha. A 1842 John Lawes na Ingila ya yi rajistar dabarar zuba musu asid ɗin salfa, sai fosfet ɗin ya koma mai narkewa. Manomin gyaɗa bai yi kuskure ba da ya riƙe supa, domin ban da fosfet tana ba shi kalsiyam da salfa, ƙwanso ya cika. Dutsen kuwa mafi yawansa a Maroko yake, amma akwai shi a Tawa ta ƙasar Nijar, akwai a Sakkwato.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne nake so mu daɗe. Ƙarshen suna ba ado ba ne. Fosfet, oksijin huɗu. Fosfait, uku. Fosfayid kuwa babu oksijin ko ɗaya, kuma shi ba abincin shuka ba ne. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake don ƙwari, alminiyam fosfayid ce. Da ta shaƙi danshi sai ta saki iskar fosfin, mai kashe ƙwaro, mai kashe mutum. Fiya-fiya ma, ko da yake akwai fosfet a sunanta na kimiyya, an ɗaura masa wasu sinadarai ne da ke tsayar da aikin jijiya. Saboda haka, don Allah Baba, ɗakin da aka sa wa wake ƙwaya, kada yara su kwana ciki, kai ma kada ka kwana.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Malam.