Bodø/Glimt: ƙungiyar da aka taɓa rufe wa ƙofa a Norwe

Ku dubi taswirar Norwe, ku yi ta hawa arewa har inda rana ke ƙin faɗuwa a tsakiyar shekara. Nan ne Bodø, garin bakin teku mai mutum dubu 50 da ɗoriya. A nan aka kafa ƙungiyar Glimt a 1916.

Shekara da shekaru suna buga ƙwallo, amma a tsakaninsu 'yan arewa kawai. Hukumar ƙwallon ƙasar tana ganin hanya ta yi nisa, kuma wai wasan 'yan arewa bai kai ba. Sai a 1963 aka bar su shiga gasar kofin ƙasa. Damar hawa babban rukuni kuwa sai 1972. Ku lissafa: fiye da shekara 50 ƙungiya na raye, ba ta da ikon ko da gwada ƙarfinta da manyan kudu. A ganina duk wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya sa 1975 ta yi musu daɗi haka ba.

A shekarar ce suka je Oslo suka ci Vard biyu da nema a wasan ƙarshe, suka ɗauki kofi. Ba wata ƙungiyar arewa da ta taɓa yin haka. Tauraronsu shi ne Harald Berg. Ku riƙe wannan suna. A 1977, shekararsu ta farko a babban rukuni, suka zo na biyu.

Daga nan aka fara hawa da gangara. A 1980 suka faɗo, har suka kai rukuni na uku. Suka dawo a 1993, suka sake cin kofi. A 2003 suka zo na biyu, a 2005 suka faɗo. Suka hau, suka sake faɗowa a 2009, ga bashi ya yi musu katutu, saura ƙiris a rufe ƙungiyar. Suka sake hawa, suka kuma faɗo a 2016. Magoya baya dai ba su fasa zuwa filin Aspmyra ba, ɗauke da ƙaton buroshin goge haƙori ruwan ɗorawa, wanda ya zama alamarsu tun shekarun 1970.

To me ya canza? Kjetil Knutsen ya karɓi aikin koci a 2018. Akwai kuma Bjørn Mannsverk, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, wanda aikinsa shi ne zama da 'yan wasa a kan tsoro da fargaba. Suka daina maganar maki nawa za a ci, suka koma maganar yadda za a buga wasan. Kuma ba su kori koci ba a shekarar farko da abin bai yi armashi ba.

A 2020 suka lashe gasar ƙasa da ƙwallaye 103 a wasa 30. Cikin 'yan wasan har da ɗan Najeriya Victor Boniface, wanda ya sha fama da ciwon gwiwa a can kafin ya yi suna a Jamus. Suka maimaita a 2021, 2023 da 2024. A Oktoban 2021 suka zuba wa Roma ta Mourinho shida da ɗaya. A 2025 suka fitar da Lazio, suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Europa kafin Tottenham ta tsayar da su, sannan suka shiga gasar Zakarun Turai.

Kyaftin ɗin da ya ja su a yawancin waɗannan wasanni kuwa shi ne Patrick Berg, jikan Harald.