Fodkas: Matan ɗalibai da digirin PhT

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Anti Rabi tun jiya take damuna a waya wai tana da labari, to bismillah Anti.

Anti Rabi: Ke dai bari. Wai kun san a Amurka matan da ɗaliban jami'a ke aure har ƙungiya suka taɓa yi? Ba matan malamai ba fa, matan ɗalibai. Dames ake ce musu. Ta jami'ar Harvard aka fara a 1896, ta jami'ar Chicago ta biyo baya a 1900, zuwa 1921 sun haɗa kai sun yi ta ƙasa baki ɗaya.

Sani: To me ake yi a ciki Anti, adashi?

Anti Rabi: Kai Sani! Shan shayi ne da ɗinki da karta da karatun littafi, amma ni a ganina kaɗaici ne ya tara su. An ɗauko ki daga garinku an kai ki inda ba uwa ba ƙanwa, maigida tun safe yana laburare sai dare ya dawo da ciwon kai, ke da bango kuna kallon juna, ai dole ki nemi 'yan uwanki.

Hadiza: Wallahi na san wannan zaman, shekarata guda ina yinsa.

Anti Rabi: To abin bai bunƙasa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. A 1944 gwamnati ta yi dokar biya wa tsofaffin sojoji kuɗin makaranta, GI Bill, sai ga su sun cika jami'o'i, a 1947 kusan rabin ɗaliban su ne, kuma da yawa da matansu har da goyo. Masauki ya yi kaɗan, aka zuba su a tireloli da wasu ɗakunan kwano na soja masu kama da ganga an tsaga ta biyu, shanyar kayan jarirai ko ta ina. Alawus ɗin kuma baya isa, matar ce zata fita aikin sakatariya ko koyarwa ko jinya ta kawo na cefane, da daddare ta zauna gaban tafireta ta buga masa kundin digirinsa, yayi gyara ta sake bugawa.

Sani: Tab. Ita kuma me ta samu?

Anti Rabi: Takarda! Lokacin yaye ɗalibai sai ƙungiyar ta shirya nata bikin a miƙa wa matar shaidar PhT, haruffan na nufin wai ita ta ɗauki nauyin maigida har ya gama.

Sani: Ai ko ba komai an yaba mata.

Hadiza: Yabon da ba a neman aiki dashi? Haba Malam Sani.

Anti Rabi: Shi yasa daga shekarun 1970 da mata suka shiga aji da kansu ƙungiyoyin suka yi ta mutuwa, wasu suka canza suna suka buɗe wa mazajen ɗalibai mata ƙofa.

Sani: Ni da zan shiga, indai akwai shayin.

Hadiza: Sai ka fara koyon tafireta tukuna. Bari mu je talla mu dawo.