A Rubuta Mana a Jikin Kwali

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da na gaji da jin ta. Duk lokacin da aka ce a riƙa rubuta wa mai saye cewa abincin da ke hannunsa an sauya masa ƙwayoyin halitta, wato abin da ake kira GMO, sai wani ya miƙe, ya gyara zama, ya ce ai masana kimiyya sun gama magana, abincin nan ba ya cutarwa, saboda haka rubutun ba shi da amfani, tsorata jama'a kawai zai yi. To wa ya tambaye ka ko yana cutarwa? Ana maganar gabas, kai kana ta nuna yamma.

Bari in ba su haƙƙinsu. A 2016 manyan cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka sun fitar da dogon rahoto bayan sun bi ɗaruruwan bincike, kuma ba su sami hujjar cewa irin wannan abinci ya fi na gargajiya haɗari ga lafiyar mutum ba. Na ji, ba kuma ni da ja a kai. Amma naman alade ma, in an dafa shi ya dahu, likita ba zai ce yana kisa ba, kuma Musulmi da Bayahude ba sa ci. Naman sa lafiyayye ne, miliyoyin mabiya addinin Hindu ba sa kai shi baki. Mabiya addinin Jain da dama ko albasa da tafarnuwa ba sa taɓawa, don a ganinsu tuge su daga ƙasa halaka rayuka ne. Cikin waɗannan mutane babu wanda ya jira sakamakon ɗakin gwaji kafin ya san abin da zai ci da wanda zai bari. Imaninsa ne ya faɗa masa. Abin da yake nema daga mai sayarwa ɗaya ne tak, a gaya masa mene ne a ciki.

Ku dubi Kanada. Ƙasar da tun 1971 ta ayyana zaman al'adu daban-daban a matsayin manufar gwamnati, ta kuma mayar da shi doka a 1988. Ƙasar da take alfahari da masallaci kusa da coci, coci kusa da wurin ibadar Sikh. A wannan ƙasa ce aka fara sayar da kifin salmon da aka sauya wa halitta, a 2017, tan huɗu da wani abu, babu ko harafi ɗaya a jikinsa da ke sanar da mai saye, domin dokar ƙasar ba ta tilasta rubutun ba. Kifin nan an sa masa ƙwayar halitta ta wani nau'in salmon dabam, da wani ɓangare daga wani kifin teku mai kama da maciji, don ya yi saurin girma. Yanzu fisabilillahi, ka yarda mutum ya yi rawani, ka yarda ya yi bikin addininsa a kan titi, ka buga masa takardun gwamnati da harshensa, sannan abin da zai haɗiye ka ce ba sai ya sani ba? Ashe mutuncin da ake ba al'adarsa a bakin ƙofar kanti yake tsayawa.

Kada wani ya ce masu addini ƙin kimiyya suke yi. Wannan kifi da na ambata, malaman Yahudawa sun duba shi, domin ƙa'idarsu ita ce kifi sai mai ɓawo da fiffike, kuma akwai manya daga cikinsu da suka ce ya halatta. Sinadarin da ake daskarar da madara da shi wajen yin cuku, a da daga cikin ɗan maraƙi ake ciro shi. Tun 1990 aka amince da wanda ake samarwa daga ƙananan halittun da aka sauya, kuma masu gudun nama da masu neman halal da dama sun yi na'am da shi, don ya raba su da shakkar ko yaya aka yanka maraƙin. Kun ga ke nan ba kullum amsar take zama a'a ba. Sai dai malami ba ya ba da fatawa a kan abin da aka ɓoye masa. A faɗa masa, ya duba littafinsa, ya ce a ci ko a bari. A rubuta a jikin kwali, shi ke nan.

Na san mafi yawan masara da waken soya da audugar da aka sauya, daga bakteriya aka ɗauko musu ƙwayar halittar, kuma ba na cikin masu yaɗa jita-jitar wai an cusa alade a kowane hatsi. Amma damuwar mutane ta wuce alade. A cikin Attaura akwai hani a kan shuka iri biyu gauraye a gona ɗaya. 'Yan ƙabilar Mawori na Niyu Zilan, lokacin da gwamnati ta kafa hukumar bincike kan wannan fasaha a 2000, da yawansu sun bayyana cewa haɗa zuriyar wata halitta da ta wata keta ne ga tsarin asali da suke girmamawa. A Mekziko, inda masara ta samo asali, mutane na kallonta a matsayin gadon kakanni. Kana iya ƙin yarda da su. Ba ka da ikon yanke musu hukunci ta hanyar yin shiru.

Sai a ce wai rubutun yana da tsada, wai zai rikita kasuwa. Haba! Ɗauki kowane kwalin biskit a Indiya ka juya shi. Za ka ga ɗan murabba'i da koren ɗigo a tsakiya, ma'ana babu nama a ciki, wanda ke da nama kuma alamarsa ruwan ƙasa ce. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana gane shi daga nesa. A Barazil harafin T ne cikin alwatika ruwan ɗorawa. Tarayyar Turai tun 2003 ta ce duk abincin da GMO ɗin da ke cikinsa ya haura kashi 0.9 cikin 100 sai an rubuta. Kasuwannin nan ba su rushe ba. Kamfanin da ke sauya zanen kwalinsa duk lokacin gasar ƙwallo, shi ne zai ce layi ɗaya ya fi ƙarfinsa? A 2012, da mutanen Kalifoniya suka je ƙuri'ar raba gardama kan tilasta rubutun, kamfanonin iri da na abinci sun kashe sama da dala miliyan 40 wajen yaƙar shawarar, ta kuma faɗi da ƙyar, kusan kashi 51 da 49. Wanda ya iya zuba wannan kuɗi don kada a rubuta, ba kuɗin tawada ne ya dame shi ba.

Abin da ya biyo baya a Amurka ya fi ba ni takaici. Jihar Bamont ta fara aiki da dokarta ta tilasta rubutun a ranar 1 ga Yulin 2016, cikin watan nan Shugaba Obama ya sa hannu a dokar tarayya da ta shafe ta. Ƙa'idar da ta zama dole daga farkon 2022 ta ba kamfani zaɓi, ko ya rubuta, ko ya sa tambari, ko ya manna lambar QR, wannan ɗan zane mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya. Ku kawo hoton a ranku. Uwa ce tsaye tsakanin kantoci, yaro a hannu ɗaya, kwando a ɗayan, ta zo ƙasar ba da jimawa ba, harshen ma da ƙyar take haɗa shi. Ana so ta ajiye kwando, ta ciro waya, ta haska, ta jira intanet ta buɗe, ta karanta, sannan ta maimaita haka a kan kaya ashirin. Wata kotun tarayya a 2022 ta ce lambar ita kaɗai ba ta wadatar ba, kuma da ma ai ba sai alƙali ya faɗa ba. Ƙa'idar ta kuma yafe wa mai da sukari da aka tace har ba a iya gano sauyin a cikinsu, a ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 na masara da waken soyarta irin da aka sauya ne. Mai imani asalin abu yake tambaya. Ko na'ura ta gano ko ba ta gano ba, daga can aka matso shi.

Turai ma ba ta tsira ba. Nama da madara da ƙwai na dabbar da aka ciyar da irin wannan hatsi ba a rubuta musu komai. Ingila kuma a 2023 ta yi dokar da ta ware amfanin gonar da aka yi wa sabon salon gyaran ƙwayoyin halitta daga dokokin GMO, ba tare da tilasta rubutu ba, hujjar ita ce wai irin sauyin zai iya faruwa ko da hannun mutum bai shiga ba. To amma ya shiga. Mai saye shi zai ce ko hakan ya dame shi.

Masu cewa rubutu zai tsorata mutane, ku ji da kyau. Ɓoyewa ce take haifar da tsoro, ita ce take ciyar da jita-jitar da kuke kuka da ita. In kun yarda da hajarku, ku sa sunanta a gaba, ku yi bayaninta, ku bar Musulmi da Kirista da Bayahude da ɗan Hindu da wanda ba ya bin kowa su zaɓa. Da yawa za su saya. Wasu za su mayar da kwalin inda suka ɗauko, kuma haƙƙinsu ne. Layi ɗaya muke nema, da haruffan da ido ke gani, kusa da inda ake rubuta gishiri da sukari da ranar lalacewa.